Jinya ba ta mata ba ce kawai

Na karanta labarin nan da ke cewa maza sun bar wa mata kula da marasa lafiya, nasu kawai biyan kuɗi. Akwai gaskiya a ciki, amma marubucin bai leƙa ɗakin maza a asibiti da daddare ba.

Lokacin da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, wata biyu na yi ina kwana kan tabarma a gindin gadonsa, don ba a barin mace ta kwana a ɗakin. Ma'aikaciyar jinya ce ta koya min juya shi duk bayan awa 2, kada gyambon kwanciya ya kama shi. Ni ke masa tsarki, ni ke aske masa gemu. Ranar farko kawar da kai ya yi yana hawaye, kunya ta hana shi kallona. Sai na riƙa jansa da hirar gonarsa har mu gama.

Abokina Bala kuwa, da shi muke zaman majalisa, kullum bayan asuba sai ya iso da koko da ƙosai, ya ce in je in rintsa, shi zai tsaya.

Inda na yarda da marubucin shi ne bayan an dawo gida. Ana sallamarmu, yayyena suka koma aiko da kuɗi ta waya, wahala ta koma kan Inna da matata. Alhali Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) yakan yi hidimar iyalinsa da hannunsa, har ɗinkin tufarsa.

Allah Ya jiƙan Baba, bara ya rasu.