Tebur ba wurin zaman ƴan kallo ba ne

Tun daren Asabar nake danne zuciyata amma abin ya ƙi kwanciya. Wanda ya je filin basket ya gani da idonsa. Saura sakan 7, an zura mana ƙwallo, an fi mu da maki ɗaya, yaronmu bai ma gama ɗauko ƙwallon daga bayan layi ba sai muka ji wai an tashi. Ina sakan bakwai ɗin suka shige? Suna cikin salular yaron da aka ɗora a teburin riƙe lokacin wasa, ya bar kurono, wato agogon ƙirga lokaci, na ta gudu shi kuma ya miƙe yana taya abokansa tsalle. Madalla. Sannunku da ƙoƙari, masu shirya gasa.

Doka ce, ba ni na ƙirƙiro ta ba. A tsarin FIBA, hukumar basket ta duniya, zango huɗu ake yi, kowane minti 10, kuma a minti 2 na ƙarshen zango na huɗu da zarar ƙwallo ya shiga raga agogo yake tsayawa. Ba ya tashi sai ƙwallon ya taɓa hannun ɗan wasa a cikin fili. Wanda bai san wannan ba, me ya kai shi tebur? Mu a Damagaram sai a nemo arbitir biyu, wato alƙalan wasa, da usur da riga mai kyau, sannan a waiga cikin ƴan kallo a ce "kai, zo ka riƙe mana lokaci". Wato wanda zai yanke hukuncin wasan gaba ɗaya shi ne wanda salularsa ke da caji.

Na san za a ce ba mu da kayan aiki, nan ba Amurka ba ce. Na ji. A NBA, babbar gasar basket ta Amurka, usur ɗin alƙali haɗe yake da agogo, yana busawa lokaci ya tsaya, allon raga kuma ya kama jar wuta idan lokaci ya ƙare. Har kashi uku cikin goma na sakan suna lissafawa: in abin da ya rage bai kai 0.3 ba, ba ka da damar cafe ƙwallo ka jefa, sai dai ka doke shi ya faɗa. Ba wanda ya ce a kawo mana wannan unguwar Birni ko ta Zango. Mutum na ce a ajiye, mutum wanda ya san lokacin da ake danna maɓalli da lokacin da ake saki. Wannan jika nawa zai ci?

Masu cewa ai wasa ne, a yi haƙuri, ku je ku tambayi Amurkawa. A 1972, wasan ƙarshe na Olamfik a Munik, sakan 3 kacal aka yi ta maimaitawa har sau uku saboda rikicin tebur, Tarayyar Sobiyet ta ci 51 da 50. Ƴan wasan Amurka suka ƙi karɓar lambar azurfa, har yau ba su karɓa ba. Sakan uku ke nan. Mu bakwai aka cinye mana, wai mu sha shayi mu manta.

Wani kuma har da ce min ai yaranku sun zubar da ƙwallaye da yawa tun farko. To sai me? Zubar da ƙwallo nasu ne, lokaci kuwa haƙƙinsu ne.

Ƙanena da ka riƙe salular, na ga yadda ka sunkuyar da kai ana ta zaginka, kuma abin ya taɓa ni. Ba ka da laifi. An ɗora maka kayan da ba a koya maka ɗauka ba, ko ruwan leda ba a ba ka ba. Yaranmu ma wata biyu suna atisaye cikin ƙura da zafin rana, wasu da takalmin aro. Manyan da suka zaunar da kai a tebur su nake nufi, kuma sun san kansu. A koya wa mutum uku aikin tebur kafin gasa ta gaba, yini ɗaya ya isa.