Katun ɗin da ba na yara ba

Shekarata ta huɗu ke nan a birnin Osaka na ƙasar Japan, amma har yau idan na shiga jirgin ƙasa na ga magidanci mai furfura ya duƙufa a kan littafin zane, wanda suke kira manga, sai gida ya faɗo mini a rai. A Kano, dattijo irinsa aka gani da wannan littafi, kafin la'asar zancen ya zaga majalisa. A wajenmu katun abin yara ne, ana kunna musu don su bar uwa ta yi girki.

Da wannan tunanin na zo, kuma wani fim ɗin katun na Japan mai suna Akira ne ya raba ni da shi. Wani abokin aikina ya ja ni sinima ranar da aka sake haska shi, na tarar galibin 'yan kallo sun girme ni. Fim ɗin ya fito a 1988, Katsuhiro Otomo ne ya shirya shi daga littafin da ya fara zanawa a 1982. Labarin Tokyo ne a 2019, bayan ta tarwatse an sake gina ta: samari 'yan daba a kan babura, sojoji suna gwaji a kan yara a ɓoye, titi cike da masu zanga-zanga. A tsakiya akwai Tetsuo, yaron da kowa ya raina, wanda ya sami ƙarfin da ya kasa riƙewa. Duk wanda ya zauna unguwar da daba ta yi ƙamari ya san Tetsuo, ya san abin da raini ke dafawa a cikin yaro. Su kuwa waɗanda ke kusa da ni wani abu suke gani daban. Fashewar da ta haɗiye birnin tun a farko, ga jikokin mutanen Hiroshima da Nagasaki, biranen da aka jefa wa bam ɗin nukiliya a 1945, ba wasa ba ce. Ko tari ban ji ba a zauren.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin hannun. Zane sama da 160,000 aka yi, ɗaya bayan ɗaya, aka shafa wa kowanne launi. Muryoyin 'yan wasa aka fara ɗauka, sannan aka zana bakuna su dace da kowace kalma. Yawancin fim ɗin da dare ne, ga fitilu a kunne a dubban tagogi, ga jelar haske na bin jan babur ɗin Kaneda, abokin Tetsuo kuma shugaban dabarsu. Mu fa mutane ne da suka san darajar irin wannan wahala. Miƙa wa Bahaushe riga mai aska takwas, zai juya ta ya duba bayan ɗinkin, ya faɗa maka watannin da ta ci. Me ya sa idon nan namu yake rufewa idan aikin allurar ya koma na alƙalami?

Haka muke yi wa finafinan ƙagen kimiyya, mu ce ƙaryar Bature. Mai shirya fim Stanley Kubrick ya saki fim ɗinsa 2001: A Space Odyssey a 1968, shekara guda kafin ɗan Adam ya taka wata. Sama da minti 20 na farko babu mai furta kalma, kuma a ciki akwai kwamfuta mai suna HAL da ta zaɓi kashe mutanen da aka sa ta yi wa hidima. Yau da yaranmu ke hira da na'ura a waya, ban ga ƙaryar ba. Kuma da Gizo da Ƙoƙi aka yaye mu, babu wanda ya taɓa tsayar da kaka ya ce ta kawo shaida.

Sai dai akwai inda gida ya fi. Shirun sinimar Japan yana sa ni kewar gidan kallo, inda ake tafi, ake yi wa jarumi ihu ya waiwayo, ga mai fassara yana zuba Hausa kamar da ita aka yi fim ɗin Indiya.

Na tura wa Yayana wani yanki na Akira, ya amsa da cewa, "Kai da girmanka, katun?" Na ce, "Yaya, don Allah ka kalla, amma bayan yara sun yi barci, akwai jini a ciki." Bayan kwana uku saƙon muryarsa ya shigo da asubar nan. Bai ko gama gaisuwa ba ya ce in faɗa masa gaskiya, wai babur ɗin nan da hannu aka zana shi?