Filtar da Ta Sa Na Yi Juye Sau Biyu a Mako Guda

Juyen baƙin mai ba aikin da nake kai wa makanike ba ne. Ina da sifana, ina da kwanon tara mai, ina kuma da bakin da ke ba wa mutane shawara kan mota ko ba su tambaya ba. Ranar da na je sayen filta, mai kayan ya ɗora mini biyu a kan teburi. Ɗaya ita ce wadda na saba sawa, ɗayar kuma kwalinta ya fi ƙyalli, har da hoton motar tsere.

"Yallaɓai, duk uwa ɗaya ta haife su, kwali ne kawai ya raba," in ji shi.

Na ɗaga su a hannu, na ji mai ƙyallin ba ta da nauyi, kamar gwangwanin da aka shanye. A nan ya kamata in ajiye ta. Sai na ce a raina ai ci gaba ne, yanzu komai ana rage masa nauyi. Da na ji arhar ta kuwa, biyu na saya.

Aikin dai na yi shi yadda littafi ya ce. Na bar inji ya yi minti biyar don mai ya tsinke, na kwance notin ƙasa ya tsiyaye tas, na canza wosha. Na cire tsohuwar filta, na duba ko zoben robarta ya maƙale a jikin inji, domin roba biyu a kan juna cikin minti kaɗan sukan zubar da man mota a titi. Na shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar, na murɗa da hannu har ta taɓa mazauninta, na ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Na zuba lita huɗu, na tayar, na kashe, na zaro geji na ga daidai. Har wani tsayuwa na yi ina goge hannu a hankali don maƙwabta su gani.

Kwana uku da yin haka, da sassafe na murɗa makulli sai na ji kar-kar-kar-kar, kamar an watsa tsakuwa a cikin bokitin ƙarfe. Jar fitilar nan ta gargaɗin mai, mai siffar buta, ta tsaya tana kallona. Na ƙirga, sai da ta yi daƙiƙa biyar kafin ta mutu, ƙarar ma ta ɗauke. Da rana lafiya lau. Washegari da safe, kar-kar-kar.

Na yanke hukunci cewa man ne jabu. Na sayo wani, na zubar da lita huɗun da bai yi kilomita ɗari ba, na zuba sabo. Filtar kuwa ban taɓa ta ba, ai sabuwa ce. Kar-kar-kar. Sai na koma kan na'urar da ke kunna fitilar, na canza ta, duk da cewa ko yaro ya san na'ura ba ta sa ƙarfe ya yi kuka. Na zargi batir, na zargi sanyin safiya. Filtar tana nan a gefen inji da hoton motar tserenta, ban ko harare ta ba.

Ranar da na hau babban titi na ba ta wuta, na ga butar ta ƙifta mini ido sau biyu, sai girman kai ya sauka. Na lallaɓa zuwa garejin wani dattijon makanike da na daɗe ina yi wa gardama.

Ya saurari bayanina har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya ce, "Malam, wa ya yi maka juyen?"

"Wani ne, Baba."

"Wanin nan ya iya ɗaure noti, amma bai iya sayayya ba."

Ya cire na'urar da na sa, ya ɗaura agogon awon ƙarfin mai a gurbinta. Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce a samu aƙalla psi 10 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin matsin mai) a kowane juyi dubu na inji a minti. Da yaronsa ya taka totur zuwa 3,000, allurar ta tsaya wajen 12 tana rawa, maimakon 30 ko fiye. Baba ya ce fitilar ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗi ƙasa da kamar 7, wato kafin ta ƙifta sau ɗaya, inji ya daɗe yana aiki da ƙishirwa. Ya sa yaron ya ɗaura filta ta kirki. Aka tayar, allura ta haura 45 ta zauna. Yaron ya kalle ni, na kalli bonet.

Sai aka zo fiɗa. Baba ya hana a sa zarto, don garin ƙarfen zarto zai zube ciki, a kasa gane wanne ne daga inji. Da almakashin yankan kwano ya zagaye bakin gwangwanin, ya yanka har da wata tsohuwa mai kyau da aka cire daga wata motar, ya jera su gefe da gefe.

Duk wanda ya juya filta zai ga babban rami mai tiredi a tsakiya da ƙananan ramuka shida ko takwas kewaye da shi. Mai yana shiga ta ƙananan, ya cika gwangwani, ya ratsa takarda daga waje zuwa ciki, ya fita ta babban ramin zuwa kiranshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a ƙasan inji, da kuma saman inji. A bayan ƙananan ramukan akwai wata roba mai kamar hula, aikinta ta rufe idan an kashe mota don kada man ya koma ƙasa cikin dare. A mai kyau, ta silikon ce, ja-ja, tana lanƙwasuwa ta dawo. Tawa baƙa ce, ta bushe ta karkace kamar tsohon silifas da ya kwana a rana. Kullum da dare filtar ta tsiyaye, da safe famfo sai ya fara cika gwangwani kafin ɗigo ya kai ga metal da tafet, ƙarafan da ke gogayya a cikin inji. Kar-kar-kar ɗin nan ƙarfe ne ke gaisawa da ƙarfe babu mai a tsakani. Ya fi muni a injin da filtarsa ke kwance a gefe ko bakinta na kallon ƙasa, irin nawa.

Takardar ce ta fi ba ni kunya. Yaron ya ƙirga ninkin mai kyau ya samu 56, a jere kamar haƙoran mataji. Tawa 31, wasu a cunkushe, wasu da giɓin da yatsa zai shiga. Ƙarancin ninki ƙarancin fili ne, don haka tana toshewa da wuri. Filtar kirki tana kama dattin da ya kai maikiron 20 zuwa 30, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kai yana kai wa wajen 70, tazarar da ke tsakanin kiranshaf da metal kuma ba ta cika wuce 25 zuwa 50 ba. Dattin da ido ba ya gani shi ke karce inji. Tawa ta rabu da gam ɗin da ya riƙe ta a sama, ko ɗan ƙuda zai wuce bai sunkuya ba.

Akwai kuma bawul ɗin ko-ta-kwana, mai sifirin. Idan mai ya yi kauri da sanyi ko takarda ta toshe, bambancin ƙarfi tsakanin waje da ciki ya kai wajen psi 8 zuwa 15 a yawancin ƙananan motoci, sai ya buɗe man ya wuce ba tacewa, don mai da datti ya fi babu mai. Sifirin mai laushi yana barin ƙofa a buɗe kullum, filta ta zama ado. Wasu injinan a jikinsu bawul ɗin yake, don haka rashinsa a filta ba shi ne shaidar jabu ba, shi ya sa ake bin lambar filta, ba girman gwangwani ba. Nawa yana nan, amma gam ya zubo masa ya daskare. Baba ya danna da sukudireba, ko motsi. Da man ya rasa isasshiyar hanya sai ya matse takardar a jikin bututun tsakiya, bututun kuma siriri ne, ya lotsa. Abin da ya sa butar ke ƙiftawa idan na ba ta wuta ke nan.

Wani direban tirela da ke jiran aiki ya leƙo ya ce, "Alhaji, ka gode Allah lita huɗu ce." Injinsu na shan sama da lita 30, man injin dizal kuma cike yake da baƙin hayaƙi, ga tabo (turbo, na'urar da ke tura iska cikin inji) mai juyi fiye da 100,000 a minti wanda daƙiƙu kaɗan ba mai sun ishe shi. Ya ce ko cika sabuwar filta za su yi kafin ɗaurawa, ta ƙananan ramuka suke zubawa, don duk abin da aka zuba ta tsakiya kai tsaye inji zai tafi.

Baba ya nuna mini abin dubawa tun a hannun mai kaya: nauyi, laushin robar bayan ramuka, tiredi mai tsabta ba ɓurɓushin ƙarfe, da girgizawa a ji ko wani abu na ƙara ciki. Tiredin ma iri-iri ne. Filta mai tiredin awon milimita (M20x1.5) tana hawa kan na awon inci (3/4-16) kamar ta zauna, sai ƙarfin mai ya tashi ta yi tsalle. Ya duba ninkin takardata a rana, ya ga ƙyalƙyalin ƙarfe kaɗan, ya ce inji ya sha da ƙyar, in sake juye bayan kilomita 1,000 a ƙara dubawa. Juye na uku ke nan.

Ina shirin tafiya ya ce, "Guda nawa ka ce wanin nan ya saya?"

Sai a lokacin na tuna. Ta biyun na ba maƙwabcina kyauta, motarmu iri ɗaya, har na yi masa jawabi kan yadda ake cutar mutane da tsadar suna. Na ce bari gari ya waye in same shi cikin hikima. Da sassafe ina neman sifana, sai na ji daga bayan katanga: kar-kar-kar-kar.

Sannan aka ƙwanƙwasa ƙofa.