Motar da ke shiga ruwa fa tana nutsewa

Jama'a, tun da bidiyon motar nan mai shiga tafki ya zaga Facebook wasu ke cewa a kawo ta dam ɗin Dadin Kowa, wai ai ba ta nutsewa, binciken hukuma ɓata lokaci ne kawai. Wallahi ba haka ba ne. Asalinta motar sojan Amurka ce ta 1942, ga nauyi, ga bakinta dab da ruwa, igiyar ruwa kaɗan sai ta fara sha. A 2018 iska ta taso a wani tafki a jihar Mizuri ta Amurka, guda ta nutse, mutum 17 suka rasu, rufin samanta ma ya tare wa mutane hanyar fita. Dam ɗinmu kuwa kun san yadda iskar damina ke tada shi lokaci ɗaya.