Ba a fafe gora ranar tafiya

Na daɗe ina koyarwa a ajin ƙarshe na sakandare, kuma akwai wata magana da ta tsaya mini a rai, yau dai zan amayar da ita. Duk lokacin da aka ce za a yi wa ilimi garambawul domin a shirya yara shiga jami'a ko kama sana'a, sai ka ga hankalin kowa ya koma kan ajin da nake koyarwa. A sauya tsarin jarrabawar fita, a ƙara darasi biyu a manhaja, a kawo kwamfutoci a jera a ɗaki guda, a kira 'yan jarida. Ni da nake tsaye gaban allo a wannan ajin ina gaya muku, yaron da ya iso hannuna an riga an gama yi masa abin da za a yi masa tun shekara takwas ko tara da suka wuce.

Akwai wata yarinya da ba zan manta da ita ba. Ita ce ta ɗaya a ajinmu, littafinta tsaf, rubutunta kamar an buga da inji. Idan ka tambaye ta ma'anar kowace kalma a darasin kimiyya za ta zubo maka ita babu tuntuɓe. Wata rana na miƙa mata rabin shafi na wani bayani da ba ta taɓa gani ba, na ce ta karanta ta gaya mini da bakinta abin da marubucin yake nufi. Ta karanta a fili, murya ras. Da ta kai ƙarshe sai ta yi shiru, ta ɗora yatsa a layin farko ta sake farawa. Can ta ɗago kai ta ce, "Malam, wane layi zan haddace?" Wallahi jikina ya yi sanyi. Yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce, kaifin basirarta ya fi na da yawa daga cikinmu. Abin da muka koya mata shekara goma sha biyu ke nan ta mayar mini: karatu shi ne hadda, hadda kuma ita ce maki. Na ce mata, "'Yata, rufe takardar, ki ba ni labarinta kamar yadda za ki ba ƙanwarki." Sai da muka yi kusan wata biyu a haka kafin ta fara sakin jiki.

Ba ita kaɗai ba ce, kuma ba matsalar ƙasa ɗaya ba ce. A shekarar 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Bayan rufe makarantu na lokacin korona, ƙiyasin 2022 ya kai kashi 70. Ku lura, da yawa cikin yaran nan suna zuwa makaranta kullum, sunansu yana cikin rajista, ana ciyar da su gaba daga aji zuwa aji. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta fara bi gida-gida tana gwada yaran karkara tun 2005, kuma shekara bayan shekara abin da take samu kusan ɗaya ne: wajen rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta littafin aji biyu. To wane irin gyara ne za a yi a ajin ƙarshe ya cike wannan rami?

Wasu za su ce ai maganin shi ne a tsananta jarrabawa, a kama malamai da laifi idan yara sun faɗi. Amurka ta gwada. A watan Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwada yara kowace shekara a karatu da lissafi daga aji uku zuwa aji takwas, da burin cewa kafin 2014 kowane yaro ya kai matakin da ake so. Makarantar da ta kasa, hukunci na jiranta. Niyyar mai kyau ce, kuma dokar ta tona asirin yadda ake barin 'ya'yan talakawa a baya, wannan ba zan musa ba. Amma da maki ya zama shi ne abin tsoro, sai makarantu da yawa suka koma koyar da yadda ake cin jarrabawa. A birnin Atlanta abin ya kai ga malamai suna goge amsoshin yara suna gyarawa. Binciken da gwamnatin jihar Jojiya ta fitar a 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44, a 2015 kuma kotu ta sami mutum 11 da laifi. A ƙarshen wannan shekarar aka maye gurbin dokar da wata. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yaran da aka rubuta musu sun ci alhali ba su iya ba, domin wannan makin na ƙarya ya hana a gane suna buƙatar taimako. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Inda aka yi gyaran da ya yi aiki, da ƙyar za ka ga wani abin burgewa na ɗaukar hoto. Garin Sobral da ke jihar Ceará a arewa maso gabashin Birazil ba garin masu kuɗi ba ne. A 2005 yana matsayi na 1,366 a ma'aunin ingancin ilimi na ƙasar. Hukumomin garin sun tsaya kan magana ɗaya: kowane yaro ya iya karatu kafin ya bar aji biyu. Suka daina naɗa shugaban makaranta don sanayya, sai wanda ya cancanta. Suka riƙa sauraron yara ɗaya bayan ɗaya suna karatu, suna horar da malamai a kai a kai, yaron da bai zo ba a bi sawunsa. Cikin shekara goma sha biyu garin ya hau matsayi na ɗaya. Ita ma Pratham dabararta ba ta da wuya: a raba yara gwargwadon abin da suka iya ba gwargwadon ajinsu ba, a ware awa ɗaya ko biyu a rana, mai sanin baƙi kawai ya zauna da irinsa, mai haɗa kalma ya zauna da irinsa. Zambiya ta ɗauki wannan tsari tun 2016.

Yanzu bari in zo kan sana'a, domin nan ne nake ganin muna yi wa yara zalunci mafi girma. Mun mayar da ajin koyon sana'a kamar gidan horo. Yaro ya faɗi lissafi, sai a ce a tura shi can, ai ba shi da kan boko. Na haɗu da wani tsohon ɗalibina da aka yi wa haka, yanzu yana haɗa wa mutane wutar sola. Na yi masa murna sosai. Ya ce, "Malam, hannuna ya iya aikin. Amma in aka ce in lissafa batir nawa gida zai ɗauka, ko in rubuta wa mai aiki jerin kaya da kuɗinsu, ko in karanta takardar da ta zo da sabon inji, gumi ne yake keto mini. Manyan kwangiloli duk a nan suke kuɓuce mini." Maganarsa ta zauna mini daram. Abin da ya hana yarinyar can fahimtar rabin shafi, shi ne ya hana wannan yaron ɗaukar babban aiki. Mai zuwa jami'a da mai zuwa wurin aiki, guzurinsu ɗaya ne a tushe: ya karanta ya gane, ya rubuta a gane, ya yi lissafi ya amince da amsarsa, ya fara abu ya kai shi ƙarshe.

Ƙasashen da suka ɗauki sana'a da daraja sun san haka. A Jamus akwai sana'o'i sama da 300 da doka ta amince da su. Matashi yana yin shekara biyu zuwa uku da rabi, kwana uku ko huɗu a kamfani, sauran a makaranta, ana biyansa albashin ɗan koyo, a ƙarshe ya zauna jarrabawar da takardarta take da kima a duk faɗin ƙasar. A Suwizalan kusan kashi biyu cikin uku na matasa wannan hanyar suke bi bayan karatun dole. Sergio Ermotti, shugaban bankin UBS, yana ɗan shekara 15 ya fara a matsayin ɗan koyo a wani banki. Abin da ya fi jan hankalina a tsarinsu shi ne ƙofa ba ta rufuwa: wanda ya bi hanyar sana'a yana iya ƙara wata takardar shaida ya wuce jami'ar kimiyya da fasaha. Shi ya sa uba ba ya jin an yanke wa ɗansa hukunci. Na san ba a kwafe irin wannan tsari dare ɗaya, sai da kamfanonin da suka yarda su ɗauki yara su koya musu, sai da amana tsakaninsu da makarantu. Amma buɗe ƙofar komawa karatu, wannan doka ce kawai da niyya.

Malamai 'yan uwana, mu ma da namu laifin, amma a daina barin jaki ana dukan taiki. A wurare da yawa malamin da ya fi kowa ƙwarewa ana kai shi manyan azuzuwa, ajin farko kuma a bar wa sabon shiga ko wanda aka rasa inda za a kai shi. Finlan tun 1979 ta wajabta wa malamin firamare digiri na biyu. Da ni ke da iko, malamin aji ɗaya da aji biyu shi zan fara zaɓa da kyau, in rage masa yawan yara, in biya shi abin da zai hana shi neman wani aiki da yamma.

Iyaye kuma, don Allah ku yi wannan yau da daddare, ba sai an jira wata hukuma ba. Ku ajiye katin sakamako gefe. Ku ɗauko kowace takarda mai sakin layi ɗaya da yaron bai taɓa gani ba, a harshen da ya fi ji, ya karanta, sannan ku karɓe takardar ku ce ya ba ku labarin abin da ke ciki. In ya kasa, kar a yi masa tsawa. Ku je wurin malaminsa gobe ku tambaya a wane mataki yake a karatu, baƙi ne, kalma ce ko jimla, kuma me za a yi kafin ƙarshen zangon nan.