Ƙugiya dubu biyu da ɗari ɗaya

Laifina ne tun farko, domin ni na buɗe baki a taron gida na ce a bar min maganar katin bikin ƙanwata. Kawunmu, wanda ya yi ritaya bayan ya shekara da shekaru yana koyar da Hausa a sakandare, ya dube ni ta saman tabarau ya ce sharaɗinsa ɗaya ne: kowane ɓ da ɗ da ƙ ya fito da ƙugiyarsa. Ya ce tun shekarun 1930 aka shigo da haruffan nan cikin rubutun boko, masu buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya sun yi fama da su da baƙin ƙarfe, ba zai yiwu a ce ni mai kwamfuta na kasa ba. Na ce, "Kawu, wannan ai ƙaramin alhaki ne."

A allon kwamfutata babu ko ɗaya daga cikinsu, amma na san dabarar. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode. A cikin Word, idan ka rubuta 0257 ka danna Alt da X tare, sai lambar ta rikiɗe ta zama ɗ. Ta ƙ ita ce 0199, ta ɓ kuwa 0253. Babban Ɗ na Ɗorayi, inda za a yi walima, 018A ne. Na kwashe dare ina wannan aiki ina jin kaina kamar wani shehin malami, har na kira matata ta zo ta ga yadda lamba take komawa harafi. Ta duba ta ce, "To, madalla," ta koma kan tuwonta.

Washegari na zuba aikin a filash, na tari adaidaita sahu zuwa wani shagon buga kati a wajen Fagge. Yaron shagon ya buɗe, ya taɓe baki, ya ce, "Yallaɓai, wannan rubutun ai na takardar sammaci ne. Bari in sa maka na biki." Ya kwashe komai ya kai manhajar zane ta CorelDRAW, ya zaɓo wani salon harafi mai jela da kwane-kwane, ruwan gwal. Daidai lokacin aka kira ni a waya a kan maganar buhun shinkafa, na fita waje saboda ƙarar janareto. Da na dawo na leƙa daga nesa, na ga abu yana ƙyalli, na ce a buga guda 300.

Abin da ya faru a bayan idona, sai daga baya yaron ya faɗa min. Shi salon harafi, wanda suke kira fon, tarin zane ne kawai, kowace lamba da zanenta. Wanda ya zana wannan mai jelar bai san da zaman Bahaushe a duniya ba, don haka inda duk aka zo kan lambar ɗ ko ƙ sai wani ɗan akwati ya fito, fanko. Yaro ya ga akwatuna bakwai sun ɓata masa aiki, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya share, ya sa d da k na Bature. A ganinsa ma taimakona ya yi.

Na kai wa Kawu kati da yamma har da ɗan tsuguno. Ya sa tabarau, ya yi shiru. Can ya ce, "Ashe Daura za mu?" Na ce wace Daura kuma, Kawu? Ya nuna min babban layin tsakiya: ZA A DAURA AURE. Ya ce shi dai a saninsa a Kano ake auren nan, amma idan an mayar da shi jihar Katsina a faɗa masa da wuri ya nemi kuɗin mota. Ya gangara ƙasa, inda na rubuta muna maraba da baƙi, ya tarar da "muna maraba da baki". Ya ce wannan kam gaskiya ce, bakin ne zai zo cin shinkafa, amma ba a rubutawa.

Na koma shago da zafina. Mai shagon ya saurare ni tsaf, sannan ya ce tunda ni na ce a buga, sake bugu sabon kuɗi ne. Ya kuma ƙara min da karatu kyauta: da na kawo aikin a PDF da fon ɗinsa a ciki, ko da an danna Ctrl da Q a CorelDRAW an mayar da rubutun zane kafin a taɓa shi, da babu abin da zai motsa. Akwai ma fon irin su Charis SIL da Gentium da suke ɗauke da haruffanmu duka. Duk wannan ilimi yana cikinsa jiya, amma sai yau ya fito. Ya jawo rasit ya rubuta sabon farashi, ya yi N ya ja mata layi biyu a ciki da biro. Ita ma alamar naira tana da lambarta, 20A6, amma tun 1973 da aka fito da kuɗin, hannu bai taɓa kasa zana ta ba. Ina kallon layukan nan biyu sai shawara ta faɗo min. Na ce ya riƙe rasit ɗinsa.

Na biya kasuwa na sayi biro mai ruwan gwal guda huɗu. Bakwai sau 300, ƙugiya 2,100 ke nan. Bayan sallar isha na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na tara matata da ƙanena da wani ɗan maƙwabta, na ba su horo. Ƙananan ɗ da ƙ, a kan sandar ake lanƙwasawa zuwa dama. Babban Ɗ kuwa ƙugiyarsa a hagu take, kamar an maƙala masa lauje a ƙeya. Kowa ya ce ya gane.

Na farko-farko sun yi kyau ƙwarai, har na fara tunanin ko sana'a ce na tsinta. Wajen kati na sittin hannuna ya fara rawa, ƙugiyoyin suka koma kamar ƙahon rago. Aka ɗauke wuta, muka ci gaba da fitilar waya, sauro na ta shagalinsa. Matata ta ce ita a rayuwarta ba ta taɓa jin an fasa aure saboda ƙugiya ba, ta tafi ta kwanta.

Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare na duba tulin ƙanena. Bawan Allah ya fi kowa sauri, ya gama tamanin. Ashe shi abin da ya fahimta shi ne duk inda ya ga d ko k ya ɗora mata. Kano ta zama Ƙano. "Da" ta zama "ɗa". Inda aka ce muna gayyatar 'yan uwa baki ɗaya, wurin da baki yake daidai tun asali, ya mayar da shi baƙi. Na ce masa wannan wace irin ɓarna ce? Ya ce, "Yaya, ai gara su yi yawa da su yi kaɗan."

Na ware tamanin ɗin nan gefe, na ce a kai wa 'yan uwan ango na nesa waɗanda ba za su sake ganina ba. Mai kyau guda ɗaya, wanda na zana da nutsuwa tun hannuna bai gaji ba, na sa shi a ambulan daban na Kawu.

Ranar ɗaurin aure rana ta take, mutane suka cika ƙofar masallaci, kowa yana fifita da katina. Da na ɗan bincika, yawancinsu hoton da amarya ta tura a WhatsApp suka gani, na ranar farko, mai Daura a ciki, kuma babu wanda ya wuce Ɗorayi. Ana cikin rabon goro na ji an dafa kafaɗata. Kawu ne, da kati a hannu, ba wanda na ware masa ba. Ƙanena ne ya yi rabon ambulan.

Ya ce, "Zo nan, ɗana. Yaushe muka koma Ƙano?"