Wayoyi biyar a ƙirji da ƙofar banki

Wanzami ba ya son jarfa. Aikina jinya a ɗakin gwajin zuciya, na saba aske wa dattawa gashin ƙirji in manna musu wayoyi ina cewa "ai ba komai, Baba." Sai ga shi ni ma an kwantar da ni a kan gadon.

Zafi ne ya riƙa taso mini a tsakiyar ƙirji da dare. Da rana kuma sai in ji zuciyar ta yi tsit, can ta buga dum. Uwargida ta ce, "Maigida, ko ka je da ƙafarka ko in kira yayanka." Na je da ƙafata.

Likita ta fara da ECG, gwajin da ke zana bugun zuciya, manne goma: shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu. Lafiya lau. Aka ɗebi jini don duba troponin, sinadarin da ke zuba cikin jini idan tsokar zuciya ta ji rauni. Ba ya tashi nan take, shi ya sa ake maimaita gwajin bayan 'yan awanni. Shi ma lafiya. Sai dai ECG daƙiƙa goma kacal yake kallo, alhali zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a kwana guda. Abin da ke zuwa ya tafi ba lallai ya zo a cikin daƙiƙa goman nan ba. Likita ta ce a ɗaura mini Holter, na'urar da ake yawo da ita tana rubuta bugun zuciya, na awa 24.

Sunan wanda ya ƙirƙiro ta ne, Norman Holter, mutumin jihar Montana a Amurka. Ta farkon da ya haɗa a ƙarshen shekarun 1940 ta kai kilo 38, goya ta ake yi. Ta yau ba ta kai wayar hannu ba. Yaron da na koya wa aiki shi ya aske ni, yana murmushin da ban yarda da shi ba. Ya goge wuraren da sifirit, ya ɗan gurza fatar don mannen ya kama, ya liƙa guda biyar, ya rataya mini na'urar a wuya. Har da karanta mini dokokin da ni na koya masa: ba wanka amma alwala ba laifi, ba shafa mai a ƙirji, duk sanda ka ji wani abu ka danna maɓalli ka rubuta lokacin da abin da kake yi. Ya ƙara da cewa, "Oga, a nisanci maganaɗisu da na'urar binciken ƙarfe."

Daga nan banki na nufa. Ƙofar nan mai gilashi ta ƙi ni. Na ajiye makullai, ta ƙi. Na ajiye waya, ta ƙi. Mai gadi ya matso ya ce in ɗaga riga. Na ɗaga. Ya ga wayoyi ja da fari da baƙi sun sauko daga ƙirjina zuwa wani ɗan akwati mai walƙiya. Kafin in buɗe baki layin ya watse. Wata hajiya ta bar takalminta ƙafa ɗaya a wurin. Zuciyata ta hau dukan uku-uku, ni kuma mai bin doka, na kai yatsa kan maɓalli.

"Kar ka danna! Don girman Allah, Alhaji, kar ka danna!"

Na riga na danna. Takardar asibitin da ke aljihuna ita ta cece ni, bayan manaja ya karanta ta daga nesa. Tun daga ranar duk wanda na ɗaura wa na'urar sai na ce ya sa takardarsa a aljihun gaba.

Da la'asar gumi ya ɗaga manne ɗaya, na mayar da shi da filasta. Wannan shi ya fi ɓata gwajin a lokacin zafi, domin mannen da ya saki ba zuciya yake rubutawa ba, shirme yake rubutawa. Da dare na ci abin da na saba, don an ce kar a canza komai: tsire da yaji da albasa, shayi mai kauri a kai, sai gado. Ba a jima ba zafin ya taso. Na danna, na rubuta.

Ranar karɓar sakamako uwargida ta biyo ni. Likita ta ajiye takardata kusa da kwamfuta tana haɗa lokaci da lokaci, domin amfanin gwajin ke nan. A banki bugun ya kai 138 a minti ɗaya, amma a jere yake, ya hau a hankali ya sauka a hankali. Mai hutawa nasa tsakanin 60 da 100 ne. Tsoro ne, in ji ta. Ciwon da ke rikita lantarkin zuciya yawanci farat ɗaya yake kamawa, farat ɗaya ya saki. Firgici kuma yakan zo da saurin numfashi, yatsu da gefen baki su riƙa zugi, ya kai ƙololuwa cikin minti goma ya fara lafawa.

Tsit ɗin da dum ɗin kuwa ƙarin bugu ne mai riga lokacinsa. Bayansa zuciya kan ɗan dakata ta cika da jini sosai, bugun da ya biyo baya ya fito da ƙarfi. Nawa sun taru ne bayan goro da shayi. In ba su da yawa kuma zuciyar lafiyarta ƙalau, ba abin tashin hankali ba ne. Duk da haka ta sa a duba ƙarancin jini da maƙoƙo, don su ma suna sa bugu ya yi sauri. Wajen ƙarfe biyun dare kwamfutar ta yi jan layi, wai mummunan bugu. Da aka buɗe zanen, susa nake yi.

Lokacin zafin ƙirji, bugun 76 ne, ko gezau. Ƙwannafi ne. Alamunsa duk ina da su: zafi mai tasowa daga bakin ciki zuwa maƙogwaro, gyatsa, tsami a baki, ya tsananta in an kwanta da cikakken ciki. Na zuciya ya fi zuwa da nauyi ko matsewa, yakan taso in ana hawan bene ko sauri, ya lafa in an huta. A nan dai ba na wasa da mutane. Holter tsarin bugu take kallo, ba ita ke tabbatar da cewa hanyoyin jinin zuciya a buɗe suke ba, kuma don maganin ƙwannafi ya kwantar da ciwo ba shi ne ya wanke zuciya ba. Nauyin ƙirji da ya wuce minti 15, ko ya miƙe zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, ko ya zo da gumi mai sanyi, haki, amai ko suma, a tafi asibiti a lokacin, ba da safe ba. Mata da masu ciwon suga da tsofaffi ma wani lokaci gajiya da haki kawai suke ji.

Aka rubuta mini omeprazole miligiram 20, rabin awa kafin karin kumallo. Awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya, a ɗaga kan gado da bulo kamar santimita 15, a bar ibuprofen da diclofenac, a rage goro. Uwargida na ta gyaɗa kai, ta ce zancen mai tsire a bar mata.

Har mun miƙe likita ta sake leƙa kwamfutar.

"Yallabai, ƙarfe 4:10 bugun ya hau 112, kuma ba ka rubuta komai ba."

Mai gidan haya ne ya kira ni a lokacin. Na faɗa. Uwargida ta miƙo hannu.

"Kawo wayar in ga mai gidan hayar."